Sashe na 38: Yadda Dokar 'Yancin Addini Ta Shigo Nijeriya Ta Zauna

A kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 akwai wani sashe da ba ya jimawa a rufe. Idan aka hana yarinya shiga aji saboda hijabinta a Legas, shi lauyanta zai buɗe. Idan aka yi shekaru ana jan ƙafa a kan takardar filin coci a wani garin Arewa, shi fasto zai karanta wa 'yan jarida. Sashe na 38 ke nan, wanda ya ba kowane mutum 'yancin tunani da na addini, har da damar sauya addinin, da bayyana shi, da yaɗa shi, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɗaka ko a sarari. Nakan ji wasu suna cewa kayan Turawa ne aka ɗora mana. Nakan kuma ji wasu suna magana kamar babu mai iya kare su sai wata hukuma da ke Janiba ko Washinton. Tarihin sashen bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kalmominsa daga waje suka zo, babu musu, amma tsoron da 'yan ƙasa suke yi wa juna ne ya jawo su, kuma duk inda suka amfani wani, alƙalin gida ne ya sa su aiki.

Asalin kalmomin yana birnin Faris. A ranar 10 ga Disamba, 1948, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta duniya. Ƙasashe 48 suka yarda, babu wadda ta ƙi, takwas suka ƙaurace wa ƙuri'a. A lokacin duniya ba ta gama wartsakewa daga Yaƙin Duniya na Biyu da kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawan Turai ba, don haka babu wanda ya musa cewa mutum yana da haƙƙin bin addininsa. Inda aka kai ruwa rana shi ne guntuwar jimlar da ke cikin sashe na 18, wadda ta ce yana da haƙƙin sauya shi.

Wanda ya dage a sa ta shi ne Charles Malik na Labanon, Kirista daga ƙasar da ta daɗe tana karɓar mutanen da aka koro saboda aƙidarsu. Wanda ya fi kowa ta da jijiyar wuya a kanta shi ne Jamil Baroody, wakilin Saudiyya, shi ma Kirista ne haifaffen Labanon. Hujjarsa ba ta banza ba ce: ya ce tarihi ya nuna sau da yawa 'yan mishan ne ke share wa 'yan mulkin mallaka hanya, kuma wannan jimla za ta zame musu lasisi. Ministan harkokin wajen Fakistan, Muhammad Zafrullah Khan, ya tashi ya goyi bayan sashen, yana kafa hujja da cewa Alƙur'ani bai yarda a tilasta wa kowa imani ba. Shi kansa ɗan Ahmadiyya ne, wato ɗan tsiraru a ƙasarsa. A ƙarshe Saudiyya ta ƙaurace, amma Masar da Fakistan da Iran da Iraƙi da Siriya da Turkiyya da Afganistan duk suka kaɗa ƙuri'ar amincewa. Nijeriya ba ta cikin zauren, tana hannun Ingila. Daga nahiyar Afirka gaba ɗaya ƙasashe huɗu ne kawai suke da kujera: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu.

Sanarwa ba doka ba ce, babu kotun da take ɗaure mutum da ita. Ƙasashen Yammacin Turai ne suka fara mayar da ita yarjejeniya mai haƙori, wadda suka sa wa hannu a Roma ranar 4 ga Nuwamba, 1950, maganar addini tana sashe na 9. A 1953 Ingila ta ce yarjejeniyar ta haɗa da ƙasashen da take mulka, har da Nijeriya. A takarda ne kawai. Talakan Kano ko na Kalaba ba shi da ƙofar da zai bi ya kai ƙara.

A Arewa kuwa, maganar gwamnati da addini ta girmi duk wannan. Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi wa manyan gari alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba. A aikace alkawarin ya zama takunkumi ga 'yan mishan a biranen sarakuna. Ko Likita Mila, wanda ya samu ya zauna a cikin birnin Zariya, daga baya an mayar da aikinsa bayan ganuwa, a Wusasa. A ƙasashen da ba na Musulmi ba kuwa, irin su Filato da Binuwai da kudancin Zariya, aka sakar musu mara, suka gina makarantu da asibitoci. Wannan tsari ba 'yancin mutum ɗaya ba ne, rabon ƙasa ne: nan naku, can nasu. Wanda ya tsinci kansa a gefen da ba nasa ba, sai dai haƙuri.

Da 'yancin kai ya ƙarato, haƙurin ya fara ƙarewa. Kowa ya gane cewa Bature zai tafi, kuma mulkin kowace jiha zai faɗa hannun masu rinjaye a cikinta. Bayan taron tsarin mulki na Landan a 1957, gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink, aikinsa ya binciki tsoron da ƙananan ƙabilu suke ji, ya nemo maganinsa. Kwamitin ya zaga ƙasa daga ƙarshen 1957 zuwa farkon 1958 yana sauraron shaidu. Mafi yawansu abu ɗaya suke so, a yanka musu jiharsu: mutanen tsakiyar ƙasa daga Jihar Arewa, mutanen Benin da maƙwabtansu daga ta Yamma, mutanen Kalaba da Ogoja da Ribas daga ta Gabas. A Arewa an kawo koke a kan kotunan alƙalai da ake kai wanda ba Musulmi ba, a kan wahalar samun izinin gina coci, da kuma kalaman raini da ake jifan mutane da su. A Yamma Musulmi ne suka yi kuka, domin yawancin makarantu suna hannun mishan, kuma suna ganin ɗansu ba ya samun ilimin boko sai an taɓa addininsa. Ƙungiyoyin Kirista ne suka bambanta da sauran masu ba da shaida, domin su ba jiha suka nema ba, cewa suka yi a rubuta wasu haƙƙoƙi a cikin tsarin mulki yadda babu gwamnatin da za ta share su cikin sauƙi.

Ba su ne suka fara wannan kira ba. Jam'iyyun Awolowo da Azikiwe sun kawo shi tun taron 1953, Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ya yi watsi da shi. Malam Aminu Kano da NEPU su ma suna da nasu dalilin na son a rubuta haƙƙoƙi, tunda magoya bayansu ne ke shan ɗauri a kotunan En'e. Amma rahoton Willink na 1958 ne ya sa maganar ta tabbata. Kwamitin ya ƙi ba da shawarar sababbin jihohi, sai ya miƙa jerin haƙƙoƙi a madadinsu. Bai kuma yaudari kowa ba: ya faɗa a fili cewa gwamnatin da ta ƙudiri zalunci za ta sami hanyar karya su, amfaninsu shi ne su zama ma'aunin da wanda aka zalunta zai nuna, su kuma hana a riƙa zaftare 'yanci kaɗan-kaɗan ba a ankara ba.

Aka shigar da su doka a 1959, kafin zaɓen tarayya na Disamba, sannan suka zama babi guda a tsarin mulkin 1960, inda 'yancin addini yake sashe na 23. Mafi yawan kalmomin daga yarjejeniyar Turai aka kwafo su. Sai dai akwai abin da mutane kaɗan suka sani. Ƙaramin sashen da ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa, da wanda ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da addininta a makarantar da take ɗaukar nauyi, babu su a yarjejeniyar Turai. Kusan kalma da kalma suke da abin da ke cikin tsarin mulkin Fakistan na 1956, wato na jamhuriyar Musulunci. Haka nan haƙƙin yaɗa addini, Turawa ba su rubuta shi a tasu ba, amma yana cikin na Indiya da na Fakistan. Sashen da muka gada haɗin gambiza ne na damuwar mutane iri-iri, kuma abin da aka tsara wa Nijeriya shi aka yi ta kwaikwaya a Saliyo da Jamaika da Yuganda da Kenya a shekarun da suka biyo baya.

Ni a ganina nan ne zuciyar labarin. Abin da ya tsorata Kiristan kudancin Zariya a 1958 shi ne ya tsorata Musulmin Ijebu a wannan shekarar, kuma maganin da aka rubuta musu ɗaya ne. A ƙasa irin tamu babu mai rinjaye a ko'ina. Bakano mai yawa ne a Kurmi, ɗan tsiraru ne a Onica. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya yarda a raunana sashen yau don bai shafe shi ba, ɗansa da ke kasuwanci a wata jiha zai iya buƙatarsa gobe.

Gwamnatin Sardauna ta biya farashi mai nauyi a wannan ciniki. A 1957 ta fitar da sanarwa cewa ba ta da niyyar fifita wani addini a kan wani. A 1958 ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Fakistan, Farfesa Anderson daga Landan, Shettima Kashim, Peter Achimugu da Babban Alƙalin Bida, Malam Musa. Daga shawararsu aka samu dokar Final Kod, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajibirin 'yancin kai. Hukuncin laifuka ya bar littattafan Malikiyya ya koma kundi ɗaya da ya hau kan kowa, aka bar wa shari'ar Musulunci aure da gado da sauran mu'amala, aka kafa mata kotun ɗaukaka ƙara a Kaduna. Tsiraru sun sami sauƙi. Malamai da yawa kuwa sun ɗauke shi asara, kuma wannan ciwo bai warke ba, ya sake tashi a 1978, ya kuma tashi a 1999.

Gwajin farko a kotu bai ba masu ƙara daɗi ba. An yi zaɓen tarayya na 12 ga Disamba, 1959 ranar Asabar, ranar da 'yan cocin Adbentis ba sa aiki. A wata mazaɓa ta Gabas aka kai ƙara cewa an tauye musu haƙƙi tunda ba su fita zaɓe ba. A shari'ar Ojiegbe da Ubani ta 1961, kotun ƙoli ta lokacin ta ƙi rushe zaɓen. A Arewa ma, shari'ar Cheranci ta 1960 ta ƙalubalanci dokar da ta hana yara shiga harkar siyasa, kotu ta ce dokar tana nan daram. Dalili shi ne, tun farko an ɗaura wa haƙƙoƙin igiya: gwamnati tana iya taƙaita su da doka saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu, muddin taƙaitawar abin karɓa ce a ƙasar dimokuraɗiyya. Wannan igiya ita ce sashe na 45 a yau, kuma yawancin rigingimun da ake yi a kotu a kan tsawonta ake yin su.

A Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, gardamar 1948 ba ta mutu ba. Da aka zo rubuta yarjejeniyar haƙƙin jama'a da na siyasa ta 1966, Saudiyya da Masar da wasu ƙasashe suka matsa har aka cire maganar sauya addini, aka sa cewa mutum yana da damar riƙe ko rungumar addinin da ya zaɓa. Sai a 1993 kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya bayyana cewa ma'anar ɗaya ce. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a watan Yuli na 1993, makonni kaɗan bayan soke zaɓen 12 ga Yuni. Amma tsarin mulkinta bai taɓa sassauta kalmar ba. Ta wuce daga na 1960 zuwa na 1963, zuwa sashe na 35 na 1979, zuwa sashe na 38 na yau, yadda take. A wannan gaɓa dokarmu ta gida ta fi ta duniya fitowa fili.

Abin da 1979 ya ƙara shi ne sashe na 10. A majalisar tsara kundin tsarin mulki da Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta, an yi zazzafar muhawara a kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Da aka kayar da shawarar a watan Afrilu na 1978, wakilai Musulmi da dama suka fice, sai da Janar Obasanjo ya sa baki suka dawo. Sulhun da aka yi ya bar wa kowace jiha damar kafa kotun idan tana so, ya kuma hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Har yau ba a daidaita a kan ma'anar wannan jimla ba. Wasu suna karanta ta a matsayin raba gwamnati da addini baki ɗaya, wasu kuma suna cewa ta hana fifiko ne kawai a ƙasa mai addinai da yawa.

Ga inda mutane suka fi ruɗewa idan ana maganar dokokin duniya. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce babu yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da waje da za ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Yarjejeniyar 1966 ba ta bi ta wannan ƙofa ba. Wadda ta bi ita ce yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam da al'ummu, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981 bayan aikin da masanin shari'a na Senegal, Kéba Mbaye, ya jagoranta. Majalisa ta mayar da ita doka a 1983, zamanin Shugaba Shagari, kuma sashenta na 8 ya tabbatar da 'yancin bin addini. A shekarar 2000, a shari'ar da ta taso daga tsare lauya Gani Fawehinmi zamanin Abacha, Kotun Ƙoli ta zayyana matsayinta: ta fi ƙarfin doka ta yau da kullum, amma tana ƙarƙashin tsarin mulki. A 2009 Babban Jojin Nijeriya Idris Legbo Kutigi ya fitar da ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙi, waɗanda suka umarci alƙalai su riƙa duba yarjejeniyoyin duniya wajen fassara. Saboda haka lauya yana iya ɗauko abin da aka faɗa a Janiba don ya lallashi alƙali, amma da tsarin mulki da dokar 1983 kawai yake iya ɗaure shi.

An ga tasirin wannan a wurin da ba a zata ba. Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. Masu goyon baya da sashe na 38 suka kafa hujja, suna cewa bin shari'a ɓangare ne na addinin Musulmi. Masu adawa suka ɗaga sashe na 10. Jini ya zuba a Kaduna a watan Fabrairu na 2000. Amma duk wanda ya zauna ya karanta kundayen da jihohin suka rubuta zai ga abu biyu: an ce Musulmi kaɗai suka hau, sai wanda ya yarda da kansa, kuma babu kundin da ya jera ridda cikin laifuka, duk da cewa tana cikin littattafan fiƙihun da aka ciro sauran hukunce-hukuncen. Jimlar nan da aka yi ta jayayya a kanta a Faris ta tsaya a gaban masu rubutun, suka kewaye ta.

Shari'o'in Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, waɗanda aka yanke wa hukuncin jefewa, sun koyar da wani darasin. Duniya ta yi ta aiko takardun koke, wasu cike da kurakurai, har a 2003 ƙungiyar mata ta Baobab, wadda take cikin masu kare Amina, ta roƙi a dakata domin abin yana ƙara taurare zukata. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci ne suka sallame su, a 2002 da 2003, da hujjoji daga cikin fiƙihun Malikiyya kansa.

Maganar hijabi ce ta fi nuna cewa kalma ɗaya takan haifi hukunci biyu, gwargwadon ƙasar da ta sauka. Kotun Turai, wadda take fassara ainihin sashen da muka kwafo, ta goyi bayan Turkiyya a 2005 a kan hana ɗaliba Leyla Şahin sa ɗankwali a jami'a, ta kuma goyi bayan Faransa a 2014 a kan hana niƙabi. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai fassara yarjejeniyar 1966 ya saɓa mata a 2018, ya ce dokar Faransa ta keta 'yancin addini. A Legas, Babbar Kotu ta tabbatar da hana hijabi a makarantun gwamnati a watan Oktoba na 2014. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a watan Yuli na 2016. Ranar 17 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta rufe maganar da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, babban hukuncin kuma Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ce ta rubuta shi: sa hijabi bayyana addini ne, kuma gwamnatin jiha ba ta nuna dalilin da ya isa a hana shi ba. Yarinya Musulma a Legas ta samu daga kotun ƙasarta abin da 'yar'uwarta ba ta samu daga Kotun Turai ba. Shekara takwas aka yi ana wannan tafiya, waɗanda aka shigar da ƙarar dominsu sun riga sun gama sakandare.

Ba manyan addinai kaɗai suka ci moriyarsa ba. A 2001, a shari'ar likita Okonkwo, Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali daga cikin Shaidun Jehobah yana da ikon ƙin ƙarin jini ko da zai rasa ransa, kuma babu laifi a kan likitan da ya mutunta hakan. A 2019 kotun ta ja iyaka: iyaye ba za su hana a ƙara wa jaririnsu jini ba, domin ran yaron ba nasu ba ne su sadaukar.

Duk waɗannan nasarori na wanda ya iya kaiwa kotu ne, ya sami lauya, ya kuma rayu har ranar hukunci. Inda sashen ya gaza ba a zauren kotu ba ne, a kan titi ne da ofisoshi. A watan Disamba na 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky a Zariya bayan tare hanyar babban hafsan soja, kuma gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. A watan Disamba na 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin a saki malamin da matarsa, ba a bi umarnin ba, sai a 2021 da wata kotu ta wanke su. A watan Agusta na 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a Jos, suna dawowa daga zikiri a Bauchi, aka kashe sama da ashirin. A watan Mayu na 2022 ɗalibai suka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi a Sakkwato bisa zargin ɓatanci. Sarkin Musulmi ya yi tir da abin, an kama mutum biyu, amma ba a hukunta kowa a kan kisan ba. Ban da waɗannan akwai ƙananan abubuwan da ba sa shiga jarida: takardar fili da ta maƙale a ofis, makarantar gwamnati da ba a tura mata malamin addinin 'yan tsiraru ba, masu addinin gargajiya da aka hana bikinsu kamar yadda aka yi a Ilorin a 2023. Asma Jahangir, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan 'yancin addini, ta ziyarci Nijeriya a 2005, kuma abin da ta fi nanatawa shi ne rashin hukunta masu laifi. Maganarta ba ta tsufa ba. Dokar da ba ta iya kai mai kisa gaban alƙali ba, duk kyan kalmominta, ba ta kare kowa.

Jerin ƙasashen da Amurka take sa wa ido a kan 'yancin addini, wanda aka sa Nijeriya a 2020, aka cire ta a 2021, aka mayar da ita a 2025, ba dokar duniya ba ce. Dokar majalisar Amurka ce ta 1998, tana kuma juyawa da juyin siyasar can.

Gaɓar da ta fi tsauri a yanzu ita ce ta ɓatanci. Ga Musulmi, mutuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi ransa daraja, kuma duk wanda bai fahimci haka ba bai fahimci Arewa ba. Ga kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, kamar yadda ya bayyana a 2011, abin da doka za ta hukunta shi ne tunzura jama'a zuwa ƙiyayya ko tashin hankali, ba sukar addini ba. A ranar 9 ga Afrilu, 2025, Kotun ECOWAS da ke Abuja ta ce sashe na 210 na Final Kod ɗin Kano da sashe na 382(b) na kundin shari'ar Musulunci na jihar sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka, na farko don bai fayyace laifin ba, na biyu don hukuncin kisa ya yi tsanani, ta umarci Nijeriya ta gyara ko ta soke su. Gwamnatin Kano ta ce ba za ta yi ba. A nan tsarin tarayya ya nuna kansa: gwamnatin tarayya aka yi ƙara, amma majalisar jiha ce ta yi dokar, kuma ita kaɗai ce take iya gyara ta, sai fa idan kotun ƙasa ta rushe ta.

Tambayar ko kotun ƙasa za ta rushe ta tana hanyarta. A watan Agusta na 2020 wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa. Babbar Kotun jiha ta soke hukuncin a watan Janairu na 2021 domin an yi masa shari'a ba lauya, ta ce a sake. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2022 dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, lauyoyinsa suka wuce Kotun Ƙoli. Abin da aka ajiye wa alƙalan shi ne su auna ikon majalisar jiha da sashe na 10, da na 38, da igiyar sashe na 45, aikin da shari'o'in Safiya da Amina ba su kai su ga yi ba tunda a kotunan jiha suka ƙare. Ina ganin jinkirta amsar bai amfani kowa ba: bai amfani jihohi goma sha biyun da suke aiki da kundayen da ba a gama tantance matsayinsu ba, bai kuma amfani wanda ake shari'ar a kansa ba, wanda aka kama tun watan Maris na 2020.